Akidar Mormon game da Allah

Akidar Mormon game da Allah ita ce koyarwar Cocin Yesu Almasihu na Tsarkakan Zamanin Ƙarshe a kan wane ne Allah da kuma yadda yake. Joseph Smith ne ya kafa cocin a ranar 6 ga Afrilu, 1830, a jihar New York ta ƙasar Amurka. Hedkwatarsa a yau tana birnin Salt Lake a jihar Utah, kuma mabiyansa sun haura miliyan 17 a faɗin duniya. An fi saninsu da sunan Mormon, duk da cewa tun shekarar 2018 shugabanninsu suka nemi a riƙa kiran cocin da cikakken sunansa.

Abin da aka fi jayayya a kansa shi ne ko wannan akida bautar alloli da yawa ce. Mabiya cocin suna cewa a'a. Manyan coci-coci da dama suna cewa e, ko kuma abin ya yi kusa da haka. Tushen saɓanin shi ne abin da kowane ɓangare yake ƙirgawa: yawan allolin da aka yarda akwai su, ko kuwa yawan waɗanda ake bauta wa.

Abin da cocin ke koyarwa

Cocin yana koyar da cewa Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki mutum uku ne daban-daban, kowanne da zatinsa. Abin da ya haɗa su shi ne nufi da manufa da kamala. Sashe na 130 na littafinsu mai suna Koyarwa da Alkawura, wanda ya ƙunshi bayanan Smith na shekarar 1843, ya nuna cewa Uba da Ɗa suna da jiki na nama da ƙashi, Ruhu Mai Tsarki kuwa ruhu ne kawai.

Akwai kuma koyarwar ɗaukaka, wato cewa mutumin da ya cika sharuɗɗa zai iya zama kamar Allah a lahira. Haka nan sun yarda akwai Uwa ta Sama, sai dai ba a yi mata addu'a. Gordon B. Hinckley, wanda daga baya ya shugabanci cocin, ya jaddada wannan hani a shekarar 1991. Addu'arsu ga Uba take tafiya, da sunan Yesu.

Yadda akidar ta sauya

Ba a rana ɗaya aka gina wannan akida ba, kuma wannan ne ya sa kowane ɓangare yake samun nassin da zai kafa hujja da shi. Littafin Mormon, wanda aka buga a 1830, ya kira Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki Allah ɗaya. A babi na 11 na sashen Alma ma an tambayi wani mai wa'azi ko akwai Allah fiye da ɗaya, ya ce babu. A labarin da Smith ya rubuta a 1832 game da wahayinsa na farko, Ubangiji kaɗai ya ambata. A labarin 1838, wanda shi ne cocin ya ɗauka a matsayin nassi, ya ce mutum biyu ya gani, Uba da Ɗa.

Daga nan harshen ya ƙara fitowa fili. Littafin Ibrahim, da aka fara wallafawa a 1842, ya ba da labarin halittar duniya da jam'i, ya ce alloli ne suka tsara ta. A ranar 7 ga Afrilu, 1844, a garin Nauvoo na jihar Illinois, Smith ya yi wa'azin da ake kira wa'azin King Follett, inda ya ce Allah ya taɓa zama mutum a wata duniya kafin ya kai matsayinsa. A ranar 16 ga Yuni ya sake yin wa'azi a kan yawan alloli, ya nuna cewa shi ma Uba yana da uba. Kwana goma sha ɗaya bayan haka aka kashe shi a kurkukun Carthage, bai ƙara fayyace maganar ba. Waɗannan wa'azozi biyu ba sa cikin littattafan da cocin ya ɗauka nassi, kuma shugabannin baya-bayan nan sukan yi taka-tsantsan da batun abin da Allah ya kasance a da.

Hujjojin ɓangarorin

Cocin Katolika da na Otodoks da mafi yawan Furotesta suna bin Shaidar Bangaskiya ta Nisiya, wadda aka fara tsarawa a shekarar 325. Ita ta ce Ɗa zatinsa ɗaya ne da Uba. A wurinsu, da zarar an raba zatin gida uku, to an sami alloli uku, ko da kuwa bakinsu ɗaya. A 2001 Fadar Vatican ta yanke hukuncin cewa baftismar Mormon ba ta inganta ba, domin kalmomin iri ɗaya ne amma abin da ake nufi da su daban. Cocin Metodis na Amurka ya riga ya ɗauki makamancin wannan matsayi a shekarar 2000.

Mabiya Mormon suna mayar da martani cewa mai bautar alloli da yawa shi ne wanda yake da allan ruwa da allan yaƙi, kowanne da ikonsa, har sukan yi gaba da juna. Su kuwa nufi ɗaya suke yi wa biyayya. Sukan kafa hujja da addu'ar Yesu a babi na 17 na Yohanna, inda ya roƙa wa almajiransa haɗin kai irin wanda ke tsakaninsa da Uba, su ce ai almajirai ba za su narke su zama zati ɗaya ba.

Masana tarihin addinai da yawa suna ganin kalmar da ta fi dacewa ita ce henotiyizim, wato bauta wa ɗaya ba tare da musun samuwar wasu ba. Kalmar ta fi kusa da gaskiyar lamarin, amma ba ta kashe gardamar ba, domin wanda ya ɗauki kaɗaitakar zati a matsayin ma'auni ba zai ga wani bambanci mai yawa ba.

Kalmar shirka

A Hausa akan fassara bautar alloli da yawa da kalmar shirka, alhali shirka ta fi ta faɗi. A ilimin tauhidi, shirka ta haɗa da tarayya da Allah a zati ko a siffofi ko a ayyuka, ba a ibada kaɗai ba. Littafin Ummul Barahin na Muhammad Sanusi, wanda aka daɗe ana karantarwa a makarantun zaure na Zariya da Kano, ya lissafa siffofin da suka wajaba ga Allah, ciki har da rashin farko, da saɓa wa halittu, da kaɗaitaka. Akidar da ta ce Allah yana da jiki, ya taɓa zama mutum, kuma wasu za su kai irin matsayinsa, ta ci karo da duka ukun. Don haka a ma'aunin malaman Musulunci, hujjar cewa ɗaya kawai ake yi wa addu'a ba ta isa ba. Sai dai wannan ma'aunin bai karɓi akidar Triniti ba ita ma, saboda haka layin da Kiristan Wusasa zai ja tsakaninsa da ɗan Mormon ba shi ne layin da malamin Tudun Wada zai ja ba.

A Najeriya

Cocin ya shigo Najeriya a hukumance a watan Nuwamba na 1978, 'yan watanni bayan ya ɗage hanin da ya yi wa baƙar fata na riƙe muƙamin firist. Anthony Obinna, wani malamin makaranta daga yankin kudu maso gabas, yana cikin waɗanda aka fara yi wa baftisma. An buɗe haikalin cocin na farko a ƙasar a garin Aba a watan Agusta na 2005, kuma mafi yawan mabiyansa suna kudanci.

Ba duk ƙungiyoyin da suka samo asali daga Joseph Smith ne suke kan wannan akida ba. Ƙungiyar Community of Christ, mai hedkwata a garin Independence na jihar Missouri, ta karɓi akidar Triniti, kuma ba ta koyar da yawan alloli.