Botham da Brearley: Shin Kyaftin Ne Ke Buga wa 'Yan Wasa Ƙwallo?

Duk lokacin da masu bugun Ingila suka zube a gasar kurket ta Ashes, kafin a kwana an fara kiran a sauya kyaftin, kuma hujjar da ake kawowa ɗaya ce: shekarar 1981. A wannan shekara ne Ian Botham ya sauka, Mike Brearley ya dawo, Ingila ta doke Ostareliya 3 da 1. Labarin gaskiya ne. Darasin da ake cirowa daga cikinsa ne ban yarda da shi ba.

An naɗa Botham kyaftin a 1980 yana ɗan shekara 24. Ya jagoranci manyan wasanni 12 na kwana biyar-biyar, bai ci ko ɗaya ba: ya sha kaye a 4, aka tashi canjaras a 8. Bugunsa ma ya mutu, har matsakaicin makinsa ya faɗo zuwa kusan 13. A filin Lord's, a watan Yulin 1981, an fitar da shi sau biyu ba tare da maki ko ɗaya ba, ya koma ɗakin 'yan wasa mambobin kulob ɗin filin ba su ko tafa masa ba. Ya ajiye muƙamin, shugaban masu zaɓen 'yan wasa Alec Bedser kuwa ya fito ya ce dama sallamarsa za a yi.

Sai Headingley, inda Brearley ya dawo kyaftin. Ostareliya ta tara 401, Ingila ta tsaya a 174, aka tilasta mata sake bugu nan take. Tana da 135, mutum bakwai sun fita, Botham ya buɗe wuta ya ci 149 ba a fitar da shi ba, Graham Dilley ya dafa masa da 56. Ostareliya na neman 130 kacal, Bob Willis ya fitar da mutum 8 a kan maki 43, Ingila ta yi nasara da ratar 18. Daga nan masoyan Brearley suka kafa hujja cewa dattijon ne ya gyara bugun ƙungiyar.

To amma a duba allon maki. A wasan da ya biyo baya a Edgbaston, Ingila ta ci 189 da 219, babu mutum ɗaya a ɓangarorin biyu da ya kai 50. A Old Trafford 231 ta samu a zagayen farko, sai da Botham ya sake cin 118 ta miƙe. Graham Gooch, wanda watanni kaɗan kafin nan, a ƙarƙashin Botham, ya ci 116 a Barbados da 153 a Jamaica, ya ruɗe gaban jifan Terry Alderman har aka ajiye shi a wasan ƙarshe. Shi kansa Brearley maki 141 ya haɗa a wasanni huɗun da ya jagoranta a gasar. Mutum ɗaya ne ya farfaɗo, sauran masu bugu suna nan inda suke.

Abin da ake yawan tsallakewa shi ne abokan karawa. Cikin wasanni 12 na Botham, 9 da West Indies ne, a zamanin kyaftinsu Clive Lloyd, lokacin da Holding da Roberts da Garner da Croft ke jifa kamar saukar ƙanƙara. A rangadin da Ingila ta kai Karibiyan kuma aka soke wasan Guyana saboda alaƙar ɗan wasanta Robin Jackman da Afirka ta Kudu, sannan mai horar da su Ken Barrington ya rasu ana tsakiyar wasan Barbados. Brearley kuwa, da wasanni 31 da nasara 18, bai taɓa jan Ingila a irin wannan wasa da West Indies ba. Babbar nasararsa ta 5 da 1 a 1978–79 ya same ta ne a kan Ostareliyar da attajiri Kerry Packer ya kwashe wa gwanaye. Da suka dawo a shekarar da ta biyo, 3 da 0 suka ba shi.

Ba ina rage wa Brearley daraja ba ne. Gwanintarsa a fili take wajen sarrafa masu jifa: shi ya mayar da Willis ɓangaren gangara a Headingley, shi ya lallashi Botham ya karɓi ƙwallo a Edgbaston ya fitar da mutum 5 a kan maki 1. Ya kuma sauke wa yaron kayan da suka fi ƙarfin wuyansa, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Sai dai rashin adalci ne a jera matsakaicin makin ƙungiya a ƙarƙashin wane da wane ba tare da an tambayi wa ke jifa musu ba.

Brearley ya bar wasannin ƙasa bayan gasar, ya koma aikin nazarin halayyar ɗan Adam. Keith Fletcher ya gaje shi ya sha kaye a Indiya, Willis ya biyo baya, sannan David Gower. West Indies ta lallasa Gower 5 da 0 a 1984. A 1985 ya ci Ostareliya 3 da 1, shi kaɗai ya tara 732. Da ya kai ƙungiyar Karibiyan a farkon 1986, 5 da 0 aka sake yi masa.