Faɗin Fuska da Ajiyar Idrojan: Taƙaitaccen Tarihi

Idrojan ita ce mafi rashin nauyi cikin iskoki, shi ya sa tara ta a ƙaramin wuri yake da wuya. Dabara ɗaya da masana suka daɗe suna bi ita ce a sa ta manne a jikin abu mai ƙananan ramuka, kamar gawayi. Abin da ake kira faɗin fuska a nan shi ne jimillar bangayen ramukan da ke cikin giram ɗaya na abin.

A shekara ta 1938, Brunauer da Emmett da Teller suka fito da hanyar auna wannan faɗi, wadda har yanzu ake aiki da ita. Bayan da Sumio Iijima na Japan ya bayyana siraran bututun kabon a 1991, sai fata ya yi yawa. A 1997 wasu masu bincike a Amurka suka ce bututun na iya riƙe idrojan da ta kai kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinsu. A 1998 wasu suka ambaci fiye da kashi 60 a zaren kabon. Amma da aka sake gwaje-gwajen a wasu wurare, ba a samu haka ba. A 2001 Michael Hirscher da abokan aikinsa a Jamus suka nuna cewa ɓarɓashin ƙarfen titaniyom, wanda ya shiga samfurinsu daga na'urar sarrafawa, shi ne ya shanye mafi yawan iskar.

Abin da ya tabbata shi ne ƙa'idar da aka sa wa sunan Richard Chahine na Kanada: a sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, kowane murabba'in mita 500 a giram yana riƙe kimanin kashi 1 cikin 100. Da wannan ma'auni ake gane da'awar da ta wuce kima. Shi ne kuma ya ƙarfafa neman abubuwa masu faɗin fuska, irin su MOF-210 na Omar Yaghi, wanda a 2010 ya zarce murabba'in mita 6,000 a giram.

Sai dai riƙon ba shi da ƙarfi. A zafin ɗaki mafi yawan iskar takan kuɓuce. Don haka motocin idrojan, kamar Toyota Mirai, suka dogara ga tankin matsi mai bar 700.