Gawarwakin Pittsburgh da Asalin Fim Ɗin Ban Tsoro na Masu Ƙaramin Jari

A shekarar 1967 wasu matasa a Pittsburgh, birnin masana'antun ƙarfe a Amurka, suna cin abinci ne da shirya tallace-tallacen talabijin a wani ƙaramin kamfani mai suna The Latent Image. Da suka ƙudura yin fim na sinima, mutum goma ne suka yi karo-karo, kowa ya ajiye dala 600, suka raɗa wa haɗakar suna Image Ten. George Romero, wanda bai taɓa ba da umarnin cikakken fim ba, shi aka ɗora a gaba. Daga baya wasu suka ƙara jari har kuɗin ya kai kimanin dala 114,000, kuma ranar 1 ga Oktoba 1968 aka fara haska Night of the Living Dead. An saba ba da labarin nan a matsayin na wasu da suka yi nasara duk da talaucinsu. A ganina ƙarancin jarin ne ma ya ba fim ɗin kamanninsa, kuma shi ya sa tun daga lokacin fim ɗin ban tsoro ya zama ƙofar da sabon darakta marar uban gida yake bi ya shiga sana'ar.

Dubi abin da rashin kuɗi ya tilasta musu. Ba su iya gina wurin ɗaukar hoto ba, sai suka kama hayar wani tsohon gidan gona kusa da Evans City da ake shirin rushewa, don haka kusan dukkan labarin ya koma cikin gida ɗaya: mutane ƙalilan sun toshe ƙofofi da tagogi da katako, gawarwaki masu tafiya suna kewaye da su, su kuma suna ta gardama a kan ko a sauka ɗakin ƙasa ko a tsaya a sama. Wannan ƙuncin shi ne zuciyar fim ɗin. Fim mai launi ya fi ƙarfin aljihunsu, suka ɗauka da baƙi da fari, abin ya fito tamkar labaran talabijin na zamanin, wanda jama'a suka saba ganin yaƙin Biyetnam a cikinsa. Ruwan cakulan ne ya tsaya a madadin jini, tunda babu launin da zai tona asiri. Masu jarin da kansu suka shiga wasa: Karl Hardman da Marilyn Eastman suka fito a miji da mata, Russell Streiner ya fito a ɗan'uwan wata budurwa da aka kai wa hari a maƙabarta. Da yake babu wani babban kamfani da zai ce musu kul, suka ba Duane Jones, baƙar fata, matsayin jarumi, suka kuma bari a harbe shi da safe bayan ya tsira daga daren, a hannun 'yan sintirin da ya kamata su cece shi. Romero ya sha cewa Jones ya fi kowa iya wasa ne a gwaji, shi ya sa aka ɗauke shi. Amma fim ɗin ya fito watanni shida bayan kisan Martin Luther King, kuma 'yan kallo ba su kasa haɗa biyun ba.

Waɗanda suka biyo baya hanyar suka bi. Sam Raimi yana ɗan shekara 20 ya fara ɗaukar The Evil Dead a wata bukkar katako a dajin Tennessee a 1979. Da ya rasa na'urar tafiyar da kyamara, sai aka ɗaure ta a jikin katako mutum biyu suna gudu da ita, mai kallo ya koma yana gani da idon mugun abin da ba a nuna masa ba. Daniel Myrick da Eduardo Sánchez suka miƙa wa 'yan wasansu uku kyamarori a dajin Maryland na kwana 8, The Blair Witch Project ya fito a 1999 ba tare da an ga mayyar da labarin ya ginu a kanta ko sau ɗaya ba. Oren Peli ya ɗauki Paranormal Activity a gidansa na San Diego da dala 15,000. Dalilin bai da wuyar ganewa ga duk wanda ya taso da tatsuniya: mai ba da labari ba ya ɓata lokaci wajen siffanta Dodo, yaro ne ke ƙera shi a ransa, kuma nasa ya fi muni. Fim ɗin soyayya ko na yaƙi yana buƙatar fitacciyar fuska ko tarin kayan aiki, shi kuwa tsoro duhu da shiru da motsin ƙofa sun ishe shi. Baƙuwar fuska ma riba ce, don ba ka da tabbacin wa zai kai ƙarshe da rai.

Za a ce ai waɗanda suka haye kawai ake lissafawa, alhali ɗaruruwan finafinai masu arha sun mutu ba wanda ya ji sunansu. Gaskiya ne, kuma ya isa ya nuna cewa talauci shi kaɗai ba gwaninta ba ne. Romero ya shafe shekaru yana ɗauka yana yanke hoto a aikin talla kafin 1967, Raimi kuma sai da ya yi gajeren fim, Within the Woods, ya riƙa haska wa masu kuɗi kafin su saki aljihu. Za a kuma ce alƙaluman arhar akwai kwaskwarima, tunda kamfanin Artisan ya sayi Blair Witch a kan sama da dala miliyan 1 ya kashe wasu miliyoyin a talla kafin fim ɗin ya tara kusan miliyan 250. Wannan ma haka ne, sai dai kuɗin sun zo ne bayan an gama ɗauka. Sun kai fim ɗin kasuwa, ba su suka tsara shi ba.

A kasuwar ce kuwa marar jari ke da rauni na gaske. Kamfanin Walter Reade da ya karɓi rarraba fim ɗin Romero ya sauya masa suna daga Night of the Flesh Eaters, kuma wajen sauya allon sunan aka bar alamar haƙƙin mallaka a baya. Dokar Amurka ta lokacin ta ce abin da aka fitar babu wannan alama ya zama na kowa. Kowane ɗan kasuwa ya samu damar buga shi a kaset ya sayar ba tare da ya biya sisi ba, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. A 1999 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa fim ɗin cikin jerin waɗanda ƙasa za ta adana, shekara 31 bayan kuskuren da ya raba mutanen Image Ten da mafi yawan ribarsa.