Asalin Agalawa da Gidan Ɗantata

Wanda yake son ya san asalin Agalawa, fataken goron nan da gidan Ɗantata na Kano ya fito daga cikinsu, sai ya fuskanci arewa. Ya wuce Katsina, ya wuce Tasawa, ya bi ta Falanko da Gangara da Tanut, har inda gonar gero take ƙarewa makiyayar raƙuma ta soma. Wannan ƙasa ita ce Damargu, gabanta kuma duwatsun Azbin.

Tun zamanin da, Damargu ita ce rumbun Abzinawa. Mutanen Azbin suna da raƙuma, suna da takobi, sun san hanyar sahara, amma ƙasarsu ba ta ba da geron da zai ci da su shekara. Kowace shekara bayan damina sai su haɗa ayari, raƙuma dubbai, su ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma. Abin da suke kai wa mutanen can shi ne gero, abin da suke ɗaukowa kuwa gishiri ne, kantu da beza, da dabino. Daga nan su juyo kudu, su sauke a Damargu da Damagaram da Kano. Ka ga ashe in babu gero babu gishiri. Saboda haka manyan Abzinawa suka zuba mutanensu a ƙauyukan noma na Damargu, barorinsu da bayinsu da 'yantattunsu, suka zauna kusa da Hausawa da Dagra, dangin Barebari. Waɗannan su ne Hausawa suke kira Bugaje. Su yi noma da damina, su tara hatsi, in ayari ya iso su ɗaure kaya su bi shi kudu.

Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ga wannan tsari da idonsa. Ya biyo ayarin gishiri na Annur, babban Kel Ewe, suka sauka Tagalal cikin watan Janairu na 1851, ƙauyen kuwa na Annur ne. A nan Barth ya rabu da shugaban tafiyarsu Richardson, wanda ya nufi Damagaram, shi kuwa ya bi ta Tasawa da Katsina zuwa Kano. Hanyar da ya bi, ita kakannin Agalawa suka riga shi bi da shekaru da yawa.

Abin da ya tashe su fari ne. Wajen tsakiyar ƙarni na 18 aka yi wani fari mai tsawo a bakin sahara, aka kuma yin wani cikin shekarun 1790, har birnin Agadas ya kusa zama kufai. Dabbobi suka mutu, rijiyoyi suka ƙafe. Ubangidan da ba shi da abin da zai ba bara, ba shi da bakin hana shi tafiya. Sai Bugaje suka riƙa gangarowa gida gida, mai jaki da jakinsa, mai takarkari da takarkarinsa, suka zauna a karkarar Katsina, wasu suka zarce ƙasar Kano. Waɗansu aka kira su Agalawa, waɗansu Tokarawa. Har yau akwai ƙauyuka masu sunan Agalawa a ƙasar Kano, akwai kuma unguwar Tokarawa a kan hanyar Haɗeja. Masanin tarihi Paul Lovejoy, wanda ya zauna da dattawan fatake ya ji daga bakinsu, ya bayyana wannan asali cikin littafinsa na fataucin goro da aka buga a Zariya a 1980.

Akwai masu jin nauyin a ta da wannan zance, don an ambaci bauta. Ni dai ban ga abin kunya ba. Mutanen nan ba su zo da dukiya ba, amma sun zo da abin da ya fi ta daɗewa. Wanda ya girma yana jan akalar raƙumin wani ya san ɗaurin kaya, ya san ciwon dabba da maganinsa, ya san tazarar rijiya da rijiya, ya iya ciniki da harshe biyu, ya kuma saba da kwana a daji. Manomin Kano bai san waɗannan ba. Da suka sami 'yancin kansu, sai suka juya wannan sani ya zama nasu jari.

Ana nan sai jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tashi a 1804. Da aka ci Katsina, sarakunanta na da suka koma arewa suka kafa Maraɗi, suka yi ta kawo hari shekara da shekaru. Arewacin Katsina ya zama bakin daga, ɗan kasuwa kuwa ba ya son bakin daga. Kudancin Kano a lokacin yana zaune lafiya, ga masaƙa, ga marinar Kura, ga jama'a masu kuɗin sayen goro. Sai Agalawa da yawa suka sake ƙaura ta biyu. Cikin waɗanda suka yi ta har da wani attajiri da ake kira Baba Talatin, wanda ya kwashe iyalinsa daga ƙasar Katsina bayan rasuwar mahaifinsa Ali, ya sauka Madobi. Shi ne kakan Alhassan Ɗantata.

Goro ba ya fita a ƙasar Hausa, a lokacin daga kurmin Tonawa, wato Asante, cikin Gana ta yanzu, fatake suke kawo shi. Sarakunan Kumasi ba su yarda baƙo ya shiga kurmin ba, sai dai a haɗu a kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja. Iri uku ne suka riƙe wannan hanya: Agalawa, da Tokarawa, da Kambarin Barebari, waɗanda asalinsu Barno ne, cibiyarsu kuma Gummi. Da kaka in an gama girbi sai madugu ya sa ranar tashi. Ayari ɗaya yakan kai mutum dubu, wani ma ya fi, da jakuna da alfadarai da takarkarai, da mata masu dafa abinci suna sayarwa a zango. Jagaba yana gaba, uban dawaki yana kula da masu makamai da maganar sarakunan hanya, malamin ayari yana riƙe da lissafi da addu'a. Kayan tafiya su ne kanwa, da turkuɗi da sauran baƙaƙen Kura, da jar fata, da gabu. A haye Kwara wajen Yawuri a biya fito, a ratsa Bargu inda 'yan fashi suka yi suna, a bi ta Jugu da Sansanin Mango da Yandi, ana ba kowane sarki gaisuwarsa. Zuwa da dawowa wata shida ne in an yi sa'a, in ba a yi ba shekara guda.

Wahalar ma a dawowa take, don goro abu ne mai rai. Ana ƙirga shi ƙwarya ƙwarya, kowace ƙwarya goro ɗari, a ware marsa daban, minu daban, a jera cikin huhu da ganyen fita. Bayan 'yan kwanaki sai a kwance huhun a zango, a zube goron a kan tabarma, a bi shi ɗaya ɗaya da hannu. Wanda sankara ta shiga a fid da shi tun bai ɓata 'yan'uwansa ba, a sake ganye, a yayyafa ruwa daidai gwargwado, a ɗaure. Ruwa ya yi yawa, ya ruɓe. Ya yi kaɗan, ya yanƙwane. Haka za a yi ta yi har Kano. Yaron da ya yi wannan aiki shekara biyar, ba sai an koya masa tattali ba.

A cikin wannan tafiya ce suka zama Hausawa. Harshen Tamajak ya fita daga bakin jikoki, aka bar rufe fuska irin na Abzinawa, jaki ya maye gurbin raƙumi don raƙumi ba ya jure ƙudan tsando na kudu. Abin da suka riƙe gam shi ne sunan asali. Ba'agale ya san Ba'agale ta tsagar fuska da sunan garin kakanni, yana aurar da 'yarsa ga ɗan'uwansa, yana ba shi jari ba tare da takarda ba, in ya sauka Salaga kuma ya san gidan da zai kwance kaya. Wanda ya ci amana bai ci ta mutum ɗaya ba, ya rufe wa kansa ƙofa tun daga Madobi har Gwanja, ya kuma rasa matar aure. Sai karatun allo, wanda suka riƙe da gaske, don falke yana bukatar rubutu da hisabi kamar yadda yake bukatar jaki. A ganina wannan ne gadon da suka zo da shi daga arewa, sauran duk a hanya suka samu.

Ɗan Baba Talatin, Abdullahi, ya gaji ubansa ya zama madugu, matarsa Amarya ita ma 'yar kasuwa ce mai jarin kanta. A 1877 sun taso daga Madobi za su Gwanja, sai haihuwa ta kama ta a zangon Bebeji, ta haifi namiji aka sa masa Alhassan. Da madugu ya komo sai ya mai da gidansa Bebeji. Bai daɗe ba ya rasu wajen 1885, yaron bai kai shekara goma ba. Amarya ta tafi Ankara, cikin Gana ta yanzu, ta ci gaba da kasuwancinta, ta bar 'ya'yan a hannun wata tsohuwar baiwar gidan mai suna Tata, wadda ta goye su. Sunanta ne ya bi Alhassan har ya rufe na ubansa.

Gadon da ya samu bai taka kara ya karya ba bayan an raba. Ya yi almajiranci, ya tafi Ankara wajen uwarsa yana saurayi, ya komo. Sai yaƙin basasar Kano ya ɓarke a 1893 tsakanin Tukurawa da Yusufawa, aka ci garuruwa, aka kama mutane. An ce shi da 'yan'uwansa Bala da Sidi suna cikin waɗanda aka kama, sai da suka fanshi kansu. Salaga kuwa ta riga ta lalace: tun da Ingilishi suka ƙone Kumasi a 1874 kasuwarta ta soma ja da baya, yaƙin cikin gida na 1892 ya ƙarasa ta. Tsohuwar hanya ta mutu ke nan.

In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Alhassan yana cikin na farko da suka gane cewa goro zai iya bin teku. Sai ya riƙa saye a Kumasi da Ankara da Sakandi, ya ɗora a jirgin ruwa zuwa Ikko, daga nan a yi arewa da shi. Turawa suka ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, a 1912 kamfanonin Turawa suka buɗe sayen gyaɗa. Bature yana da kuɗi, amma bai san ƙauye ba, bai san wanda zai ba bashi ya dawo da shi ba. Fataken goro sun sani. Attajirai irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo suka shiga, Alhassan ma ya dawo birni ya zauna a Sarari, a 1918 ya zama wakilin sayen gyaɗa na kamfanin Neja. Yaransa suna raba kuɗi da gishiri da tufa ga manoma tun kafin kaka, a biya da gyaɗa, yadda dai ubansa yake ba da jarin goro. Shi ake danganta wa tara buhuna dala dala a Kano. A 1929 kuma ya kai ajiya bankin Turawa, kuɗin azurfa kayan raƙumi 20. Jikan masu jan raƙumin wasu, ga shi raƙuma suna ɗauke da azurfarsa.

Jirgin ƙasan da ya ɗaukaka shi kuwa shi ya karya Damargu. Kayan Turai da a da suke ratso sahara daga Tarabulus su bi ta Jajiduna suka koma shigowa ta Ikko da arha, fataken Gadamas suka watse, kasuwar gashin jimina ta faɗi. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta biyo baya. Sai Kawusan, wani jagoran Abzinawa wanda haifaffen Damargu ne, ya kewaye barikin Faransawa a Agadas daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917. Da aka karya shi, ramuwar gayyar Faransa ta kori Abzinawa da yawa zuwa ƙasar Kano da Katsina da Sakkwato. Aka sake gangarowa a farin 1973 zuwa 1974, aka sake a 1984. Har yau samarin Falanko da Balbeji suna tafiya ci-rani kudu in an kai hatsi rumbu. Amma waɗannan na baya sun tarar an shata iyaka tsakanin Faransa da Ingila, an rabe gonaki, kasuwa ta sami masu ita. Da yawansu sai gadi da sayar da shayi. Sau nawa za ka ga Buzu da rawaninsa a ƙofar gidan attajirin Kano, daga shi har maigidan babu wanda ya san kakanninsu ta hanya ɗaya suka biyo? Abin da ya raba su lokacin zuwa ne kawai.

Alhaji Alhassan Ɗantata ya rasu ranar 17 ga Agusta 1955, ana lissafa shi wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma a zamaninsa, aka binne shi a gidansa na Sarari. 'Ya'yansa Ahmadu da Sanusi da Aminu suka riƙe gidan, suka faɗaɗa shi zuwa sufuri da gine-gine da masana'antu. Sanusi shi ne kakan Aliko Ɗangote na wajen uwa, wanda aka haifa a Kano a 1957, mai kamfanin siminti da sukari da matatar man da aka ƙaddamar a Lekki a 2023. Alhaji Aminu Ɗantata, wanda aka haifa a 1931, ya rasu ranar 28 ga Yuni 2025, aka binne shi a Madina.