Iyakar Shaida: Tarihin Yahudawa da Sabon Alkawari

A shekarar 1961, masu tonon kayan tarihi daga Italiya suka ci karo da wani dutse a kangon gidan wasa na Kaisariya, a gaɓar Bahar Rum. Rubutun Latin da ke jikinsa na ɗauke da sunan Bilatus Babunti da muƙaminsa na mai mulkin Yahudiya. Ranar da na fara ganin hotonsa, ina ajin ƙarshe a jami'a, na ɗauka gardama ta ƙare, tunda gani ya kori ji. Sai daga baya na gane cewa dutse ba ya shaidar komai face abin da aka rubuta a kansa. Wannan ne ya kai ni ga tambayar: ina shaidar tarihin Yahudawa ta tsaya game da sahihancin littattafan Kirista?

Babban mai shaida a nan shi ne Yosifus, Bayahude ɗan gidan firistoci da aka haifa a Urushalima a shekara ta 37 Miladiyya. Ya jagoranci mayaƙa a Galili lokacin tawayen shekara ta 66, ya miƙa wuya ga Romawa, sannan ya zauna a Roma yana rubuta tarihin al'ummarsa. Ba Kirista ba ne, wannan kuwa ya ƙara wa maganarsa nauyi.

Wuraren da ya dace da Sabon Alkawari suna da yawa. Ya ambaci Kayafa a matsayin babban firist a zamanin Bilatus. Ya ce Hirudus Antibas ne ya kashe Yahaya Maibaftisma. Ya kawo labarin jefe Yakubu, ɗan'uwan Yesu, a shekara ta 62. Mutuwar Sarki Agaribas a Kaisariya a shekara ta 44, bayan jama'a sun kambama shi kamar abin bauta, ta zo a wurinsa, ta kuma zo a Ayyukan Manzanni. Marubutan Linjila, ashe, sun san ƙasar da masu mulkinta.

Sai dai harshe da haƙori ma sukan saɓa. Matiyu ya sanya haihuwar Yesu a zamanin Hirudus Babba, wanda yawancin masana suka ce ya mutu a shekara ta 4 kafin Miladiyya. Luka kuwa ya haɗa ta da ƙidayar Kiriniyus, wadda Yosifus ya sanya a shekara ta 6 Miladiyya. Tazarar ta kai kusan shekara 10. Haka nan, Markus ya danganta kisan Yahaya da ƙullin Hirudiya, alhali Yosifus ya ce tsoron tawaye ne ya sa Antibas ya kashe shi. Wasu masana suna ƙoƙarin sulhunta waɗannan ruwayoyi, wasu kuma suna ganin ɗaya ne ya yi kuskure. Shi kansa Yosifus ba tsarkakakke ba ne daga son rai, domin a inuwar sarakunan Roma ya yi rubutu.

Akwai kuma sakin layin da ya fi shahara, inda littafinsa ya kira Yesu Almasihu kai tsaye. Yawancin manazarta suna ganin masu kwafi Kiristoci sun sa hannu a ciki, domin Orijin, malamin Kirista na ƙarni na 3, ya ce Yosifus bai yarda Yesu ne Almasihu ba.

Abin da na fahimta shi ne, tarihin Yahudawa ya tabbatar da fagen da mutanen da suka tsaya a cikinsa, ya kuma ja da wasu ranaku da dalilai. Amma mu'ujiza da tashi daga matattu ba su cikin abin da dutse ko kundin tarihi zai iya yi wa hukunci. Wannan fagen imani ne. Wanda ya ce tarihi ya gaskata komai ya ɗora wa mai shaida abin da bai faɗa ba. Wanda ya ce duk tatsuniya ce kuma ya toshe kunnensa ga abin da ya faɗa. Aikin ɗalibin tarihi shi ne ya saurari shaidar har ƙarshenta, ya tsaya daidai inda ta tsaya.