Baƙo da Ruwan Duwala

Duwala ita ce babbar tashar jiragen ruwa ta ƙasar Kamaru, ita ce kuma cibiyar cinikinta. Tana bakin Kogin Wuri, inda kogin ya buɗe baki zai shiga teku. Jirgi yakan bi mashigi mai tsawon kimanin kilomita 50 kafin ya iso tashar, kullum kuwa sai an yashe mashigin domin yashi da laka suna cike shi. Ta nan yawancin kayan Cadi da na Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya suke shiga suna fita, gama ƙasashen nan biyu ba su da teku. A ƙidayar 2005 an sami mutum wajen miliyan 1.9 a birnin, yau kuwa sun haura miliyan 3. Mafi yawansu baƙi ne, ko kuwa 'ya'yan baƙi da jikokinsu.

Abin da yakan fara tarar baƙo a Duwala shi ne ruwan sama. A shekara guda akan yi ruwa kusan milimita 4,000, watau wajen ninki huɗu na ruwan Kano. Ruwan Yuli da Agusta kaɗai ya fi abin da Kano take samu a dukan damina. Rani gajere ne, daga Disamba zuwa Fabrairu, ko a lokacin ma iska cike take da laima. Mutumin da ya taso a Marwa ko Garwa ya saba ya shanya riga da hantsi ya kwashe ta da azahar. A Duwala riga takan kwana biyu a igiya ba ta bushe ba, takalmin fata ya yi funfuna, gishiri ya jiƙe a cikin kwano.

Ruwan yana sauka a kan kowa, amma ba ɗakin kowa yake shiga ba. Akwai unguwannin da ke kan tudu a bakin kogi, kamar su Bonanjo da Akwa da Deido. Akwai kuma waɗanda ke cikin fadama a bayansu. Wanda yake so ya gane dalilin da ya sa baƙo ne yakan kwana a fadama, sai ya koma ga tarihi, gama ruwa ba ya tsami banza.

Tudun bakin kogi na kabilar Duwala ne tun da daɗewa. Masunta ne, 'yan ciniki kuma. Turawan Fotugal sun iso bakin kogin wajen 1472, suka ga jatan lande da yawa, suka sa masa suna Kogin Jatan Lande da harshensu. Daga kalmar nan tasu ne sunan Kamaru ya fito. Shekaru ɗaruruwa mutanen Duwala suna tsakanin Turawan da ke cikin jirage da mutanen cikin ƙasa. Suna sayo bayi da hauren giwa, daga baya kuma manja, suna sayar wa Turawa, ba su kuwa yarda wani ya tsallake su ba. A watan Yuli na 1884 Sarki Bell da Sarki Akwa suka sa hannu a yarjejeniya da Jamusawa, aka kuma rubuta a ciki cewa ƙasar da suke nomawa da wadda garuruwansu suke kai za ta zauna a hannunsu.

Alkawarin bai kai shekara 30 ba. Daga 1910 gwamnatin Jamus ta ƙudura ta kwashe mutanen Duwala daga bakin kogi domin ta gina garin Turawa. Likitocinta suka kawo hujjar zazzaɓin cizon sauro. Suka ce a bar fili mai faɗin kilomita 1 babu gini tsakanin Turawa da baƙar fata, wai sauro ba zai ƙetare shi ba. A bayan filin nan aka yanka sababbin unguwanni, babbarsu ita ce Niyu Bel, watau Sabon Bel. Wuri ne mai kwari, nesa da kogin da masunta suke ci da shi. Sarki Rudolf Duala Manga Bell, wanda ya yi karatu a Jamus, ya ƙi. Ya kai ƙara har majalisar dokokin Jamus, yana tuna musu da yarjejeniyar 1884. Aka tuhume shi da cin amanar ƙasa, aka rataye shi tare da sakatarensa Ngoso Din ran 8 ga Agusta 1914. Kafin ƙarshen Satumba na wannan shekara sojojin Ingila da na Faransa suka karɓe birnin.

Faransawa, waɗanda birnin ya koma hannunsu a 1916, ba su mayar wa mutanen Bel tudunsu ba. Su kuma mutanen Bel ba su yarda da zaman Niyu Bel ba, yawancinsu suka koma unguwar Bali, kusa da tsohon mazauninsu. Sai fadamar ta zama ta baƙi. Baƙin kuwa suka yi ta zuwa, domin tashar jiragen ruwa tana bukatar 'yan dako, hanyar jirgin ƙasa tana bukatar leburori. Dogo ya kai Nkongsamba a 1911, ya kai Yawunde a 1927. Bamileke suka gangaro daga duwatsun yamma, inda ƙasar noma ta yi musu kaɗan. Basa da Ewondo suka fito daga kurmi. Waɗansu suka zo ta teku daga Dahome da Togo da Nijeriya da Senegal.

Hausawa suna cikin na farko. Fatakensu sun daɗe suna ratsa Adamawa suna neman hauren giwa da goro, waɗansu kuma sun zo bakin teku cikin sojan Jamus. Suka kafa unguwarsu a Niyu Bel, har yau kuwa ana kiranta da sunansu. Suka riƙe fawa da tsire da ɗinki da cinikin goro da na tufafi. Sa'ad da dogo ya kai Ngaundare a 1974, sai hanyar arewa ta ƙara buɗewa, shanu da mutane suka riƙa gangarowa cikin jirgi.

Hausawa sukan ce baƙo raɓa ne. Haka gwamnatin Faransa ta ɗauki mutanen Niyu Bel, masu zaman wucin gadi waɗanda za su koma garuruwansu in aiki ya ƙare. Ta naɗa wa kowace kabila shugaba domin karɓar haraji, amma ba ta himmatu ga yanka tituna ko haƙa magudanan ruwa ba. Baƙo kuma ba shi da takardar fili, gama ƙasar ta mutanen Bel ce bisa al'ada. Wanda bai tabbata za a bar shi gobe ba, ba zai zuba siminti ba. Saboda haka aka yi ta kafa ɗakunan katako masu rufin ganye ko kwano, wannan manne da wancan, har lungu ya zama ba ya ɗaukar mutum biyu a jere. Raɓar kuwa ba ta bushe ba. Zuwa tsakiyar shekarun 1950 mutanen birnin sun wuce dubu 100, 'yan asalin Duwala sun zama tsiraru a garinsu. Ɓacin ran ma'aikata ya fito fili a yajin aikin Satumba 1945. A watan Mayu na 1955 aka yi tarzoma a Niyu Bel tsakanin hukuma da magoya bayan jam'iyyar UPC masu neman 'yancin kai, aka kashe mutane, wuta kuma ta ci gidaje da yawa.

Bayan samun mulkin kai a 1960 Niyu Bel ta cika ta batse. Sababbin zuwa suka nausa cikin fadamun da ke gaba, suka kafa unguwanni irin su Nailon da Bepanda da Makepe Misoke. Sukan sare itatuwan bakin ruwa, su cike kwari da ƙasa da shara, su yi gini a kai. A shekarun 1980 an gyara wani sashe na Nailon da taimakon Bankin Duniya, amma birnin ya fi gyaran saurin girma.

Ga yadda ruwa yake cin waɗannan unguwanni. Ƙasarsu ba ta ɗara teku tsawo sosai ba, teku kuwa yana cika yana janyewa sau biyu a rana, yana tura ruwa cikin kogi da rafuffuka. Idan ruwan sama mai ƙarfi ya gamu da cikar teku, magudanai ba su da inda za su zubar, sai su komo da ruwan cikin gidaje. Haka aka gani a ambaliyar Yuni 2015 da ta Agusta 2020. Ruwan ƙasa kuma yana kusa ƙwarai. Rijiya ba ta da zurfi, masai ma haka, sau da yawa kuwa taku kaɗan ne tsakaninsu. In ruwa ya cika sai su gauraya. Ta haka annobar amai da gudawa ta kama dubban mutane a birnin a 2004. Sauron nan da aka kori mutane daga tudu da sunansa, a fadama ya fi samun wurin haihuwa.

To, me yake riƙe baƙo a wuri irin wannan? Da fari dai akwai nema. Tasha da kasuwanni da masana'antu suna ba da abin yi, ko da dako ne ko acaɓa, wanda ya yaɗu a birnin tun daga shekarun 1990. Na biyu kuwa 'yan'uwa ne. Bahaushe ko Bafulatani da ya sauka yakan nemi mai gida a unguwar mutanensa, a ba shi tabarma a zaure, a nuna masa masallaci, a haɗa shi da wanda zai ba shi kaya bashi. Bamileke sun shahara da adashi da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya, waɗanda sukan ba mutum jari, su kuma kai gawarsa gida in ya rasu. Ikkilisiyoyi da yawa ma suna tara masu harshe ɗaya. A hankali baƙo yakan koyi Faransanci da Turancin kasuwa, ya saba da rogo da ayaba da gasasshen kifi a maimakon tuwon dawa. Yakan koyi ya ɗora gado da buhun abinci a kan bulo, ya kuma je duba ɗakin haya a watan Agusta, ba a Janairu ba, ya dubi inda ruwan bara ya bar alama a bango.

Baƙi ba su daina zuwa ba. Tun daga 2014 rikicin Boko Haram ya koro mutane daga arewa mai nisa. Daga 2016 kuma rikicin yankunan masu Turancin Ingilishi ya cika Bonaberi, a ƙetaren kogi, da masu gudun hijira. Kowane sabon ayari yakan tarar tudu yana da masu shi, sai ya gangara inda na gabansa bai kai ba. Layin da aka ja a 1914 ba ya cikin taswira yanzu, filin kilomita 1 ɗin ma gidaje sun cinye shi tuni. Duk da haka, a daren da aka kwana ana ruwa, masu kwasar ruwa da bokiti daga ɗakunansu yawancinsu suna bayan wannan layi ne.