Wutar rana a Nijar: abin da tarihi ya nuna game da hukuma



A taron ƙungiya da ya wuce an yi gardama kan fanfon rijiya mai aiki da hasken rana. Waɗansu sun ce mu tara kuɗi mu yi abinmu, ba ruwanmu da hukuma. Waɗansu kuwa sun ce mu jira gwamnati. Ni mushen lakwal ne, shi ya sa na ga ya kamata in kawo muku tarihi, ku auna da kanku.

Aikin rana ba baƙo ba ne a ƙasarmu. A shekarar 1965, zamanin shugaba Diori Hamani, gwamnati ta kafa ma'aikatar makamashin rana da ake kira ONERSOL a Yamai. A lokacin ƙasa ba ta fi shekara biyar da samun ƴancin kai ba, kuɗi kuma babu. Amma shugabanni sun lura ba mu da man fetur a hannu, itace yana ƙarewa, rana kuwa Allah ya hore mana.

Ma'aikata ba ta tafiya sai da mai sani. Akwai wani ɗan ƙasa, Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, masanin kimiyya, wanda yake aikin binciken rana a Bamako ta ƙasar Mali. Ya komo gida, aka danƙa masa ONERSOL a 1969, ya riƙe ta har 1985. Mulki ya sake hannu a 1974, Seyni Kountché ya hau, amma ba a taɓa shi ba. Wannan shi ne alherin da hukuma ta yi: ta bar mai aiki ga aikinsa shekara 16. A ƙarƙashinsa aka ƙera tukwanen ɗumama ruwa, da murhun rana, da na'urorin busar da abinci da na tace ruwa. Ya rasu a 1991, jami'ar Yamai tana ɗauke da sunansa.

Dattawa za su tuna da talabijin na lakwal da aka soma a 1964. Tun 1968 aka fara kunna akwatin da farantin rana a inda babu wutar lantarki.

To, me ya hana abin yaɗuwa cikin karkara? Kayan suna da tsada ga talaka. Kuma sau da yawa akan yi bukin buɗewa, manya su zo da motoci, su koma. Ba a horar da mai gyara ba, ba a ajiye kuɗin batir ba. Ni da kaina na koyar a wani gari inda fanfo ya tsaya saboda ɗan ƙarfe guda, mata suka koma ga guga da igiya.

Ƙasa ta daɗe tana sayen mafi yawan wutarta daga Najeriya. Da aka yanke ta a watan Agusta 2023, kowa ya ji a jikinsa. A nan aka san darajar tashar rana ta Malbaza, cikin jihar Tawa, mai megawat 7, wadda aka buɗe a 2018, da ta Goru Banda kusa da Yamai, mai megawat 30, ta 2023.

Saboda haka, ƴan uwa, kada mu raina hukuma, kada kuma mu kwanta mu jira ta. Mu je wurin magajin gari da ma'aikatan ruwa da buƙata uku: su shaida mana ingancin kayan kafin mu biya, su horar da samarinmu biyu aikin gyara, a kuma rubuta a takarda wanda zai riƙe asusun gyara. Sauran nauyi namu ne.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.